Kufan Maƙera a Filin Soja

Sana'ata neman ruwa ce. Kafin a haƙa rijiyar burtsatse a Zariya da kewayenta akan kira irinmu mu auna ƙasa, domin ƙasarmu a kan dutse take zaune, ruwa kuwa ba ya kwanciya sai inda dutsen ya ruɓe ko ya tsage. Mukan kafa turakun ƙarfe huɗu a jere, mu tura lantarki ta biyun waje, mu auna yadda ya ratsa ta biyun ciki. Inda ƙasa ke da danshi sai ya wuce salin-alin, inda fa ne kuwa sai ya toge. Da rani, idan ƙasa ta bushe ta yi tauri, sai mun zuba ruwan gishiri a gindin kowane turke kafin mu samu awon kirki. Da wannan nake ci da iyalina, kuma a cikinsa ne na yi kuskuren da har yau idan na tuna shi raina yakan ɓaci.

Wani ɗan kwangila ne ya ɗauke ni aiki a wani filin soja da ke yankin Sabon Gari. Za a gina ɗakuna da tankin ruwa a wani gefe da aka daɗe ba a taɓa ba, can kusa da wani ɗan rafi, inda ciyawa da sabara suka cinye. Abu biyu aka nema a wurina: in nuna inda za a haƙa rijiya, in kuma faɗi ko akwai wani abu a ƙarƙashin ƙasa da zai hana aza harsashi. Saboda haka ban tsaya ga turakuna kaɗai ba, na aro na'urar auna maganaɗisu, wadda takan taimaka wajen gano tsagar dutse.

Duniyar nan da muke takawa tana da maganaɗisunta, shi ne ke juya allurar kamfas zuwa arewa. A Zariya ƙarfinsa kimanin nanotesla 34,000 ne, na'urar kuwa tana jin canji ko da na nanotesla 1 ne. Don haka kafin mutum ya ɗauke ta sai ya cire bel da agogo, ya ajiye waya da makullai, ya duba takalminsa ko da ƙusa. Sojan da aka haɗa ni da shi don rakiya, wani saurayi mai ladabi, sai da na roƙe shi ya ja da baya nesa da ni, don duk lokacin da ya matso da bindigarsa sai lambobi su rikice. Ya koma gindin wata ɗorawa ya zauna yana kallona ina taku ina tsayawa, ina taku ina tsayawa.

A yawancin filin awo lafiya lau yake, yana hawa da sauka a hankali yadda ya saba. Da na doshi bakin rafi sai lambobi suka fara tsalle da ɗaruruwa. Na ɗauka na'urar ce ta samu matsala. Na koma turken da na kafa tun safe na sake aunawa, domin a yankinmu akwai wata igiyar lantarki da ke gudana can sama, wadda daga hantsi zuwa azahar takan ɗaga awo da nanotesla 100 ko fiye, dole mai aiki ya riƙa cire ta daga lissafi. Na cire, tsallen bai tafi ba. Sai na ja tef na yanka wurin, na matse layuka suka koma mita ɗaya-ɗaya, na auna shi daki-daki. Da dare na zuba lambobin a kwamfuta, taswira ta fito.

Abin da ya fito ba hargitsi ba ne. Wasu dunƙule-dunƙule ne a jere suna bin gaɓar rafi, kowanne faɗinsa bai wuce taku biyu ba. A kan kowanne lamba ta faɗi ƙasa, ta ɗan hau a arewa da shi, ta ɗan hau a kudu. Dukkansu haka, babu wanda ya saɓa wa ɗan'uwansa.

Wannan kamanni yana da ma'ana, kuma an koya mana ita a aji. Yumɓu na ɗauke da ƙwayoyin ƙarfe ƙanana ƙwarai, kowace ta fuskanci inda ta ga dama. Idan wuta ta gasa shi zafi ya haura digiri 600 zuwa 700, sai ƙwayoyin su saki jiki, idan ya huce su daskare gaba ɗaya suna fuskantar inda maganaɗisun duniya ya fuskanta a wannan rana. Tanderun narka tama kuwa zafinsa yakan kai digiri 1,200. Muddin ba a tumɓuke shi daga inda aka gina shi ba, zai riƙe wannan fuska shekaru dubbai. Guntun ƙarfen da aka jefar ba haka yake ba. Shi yadda ya faɗi haka yake kwance, wani ya kalli gabas wani yamma, alamarsa a taswira mai tsini ce da kaifi, ba ta da faɗi. Batun faɗuwar lamba ma ba baƙo ba ne. A Turai, inda maganaɗisu ke nutsewa cikin ƙasa a karkace, lamba hawa take yi a kan abin da ke binne, hotunan littattafansu ma haka suke nunawa. Zariya kuwa tana dab da layin da maganaɗisun duniya ke kwance a shimfiɗe, shi ya sa a wurinmu abin ke juyewa, lamba ta faɗi a kan abin ta hau a gefensa na arewa da na kudu. Duk mai neman ruwa a Arewa ya san wannan. Ni ma na sani.

Kuma ba na'ura ce kaɗai ta gaya mini ba. Washegari ina tattara kaya sai ga wani dattijo daga cikin manoman da ake bari su yi 'yar shuka a gefen filin. Ya jingine fartanyarsa muka gaisa.

"Sannu da aiki, Malam. Ruwa ake nema?"

"Ruwa, Baba."

"To, Allah ya ba da sa'a. Amma nan inda ka tsaya ɗin nan ba ya nomuwa. Garma ba ta shiga. Kashin maƙera ne tun daga nan har bakin rafi."

Ya sunkuya ya tono wani dunƙule da yatsa ya miƙo mini. Baƙi ne wuluk, ya fi dutse mai girmansa nauyi, bayansa ya yi ninki-ninki kamar alewar da ta kwarara ta daskare, cikinsa kuma da 'yan ramuka. Ya ce su gidan ƙira ne tun asali, amma kakansa ya gaya masa ko nasa kakan bai tarar da masu wannan aiki ba.

Na juya shi a hannuna na ce, "Baba, ai nan filin soja ne, ƙarfe ba ya wuya."

Ya dube ni, ya ce, "Haka ne, ɗana." Ya ɗauki fartanyarsa ya wuce.

A rahoton da na rubuta, na nuna wurin rijiya, kuma an samu ruwa a inda na nuna. Game da bakin rafi kuwa layi ɗaya na rubuta, cewa akwai tarkacen ƙarfe na zamani a wannan gefe, ba za su hana gini ba. Na sa hannu, na buga hatimi, aka biya ni.

Ranar da na koma duba masu haƙa, katafila ta riga ta share bakin rafin. Tun daga nesa na hango launin ƙasar ya bambanta. Da na matsa sai ga zobba-zobba na jar ƙasa gasasshiya, an yanke musu kai daidai da doron fili, cikin kowanne baƙi ƙirin da gawayi da kashin tama. A tudun da katafila ta ture gefe akwai gutsattsarin bututun yumɓu, irin wanda ake zura bakin zuga-zugi a ciki, kaurinsu ya kai na damtsen yaro. Na ɗauki ɗaya. Gefensa guda ja ne garas-garas, ɗayan gefen da ya sha wuta ya narke ya zama gilashi, baƙi mai ɗan kore, da ɗigon kashin tama manne a leɓensa. A bayansa akwai shatar yatsu uku na wanda ya mulmula shi tun yumɓun na ɗanye. Direban katafila ya leƙo ya ce, "Oga, wurin nan ya ba ni wahala, haƙora sai ƙara suke." Na fito da taswirata na bi zobban ɗaya bayan ɗaya. Kowanne yana daidai inda lamba ta faɗi.

Na kai gutsattsarin wurin wani abokina da muka yi karatu tare a Samaru, shi binciken kufai ya karanta. Ya daɗe yana juya bututun bai ce komai ba. Sannan ya tambaye ni ko akwai tanderun da gindinsa bai motsu ba. Ya ce kayan da ke hannuna, tun da an raba su da mazauninsu, abin da za su iya faɗi kaɗan ne. Gawayin da ke kwance a gindin tanderu, wanda ba a taɓa ba, shi ake ɗauka da tsinken ƙarfe a naɗe a kai gwaji a san shekarunsa. Tsayin bango da yawan ƙofofin iska su ke nuna ko da zuga-zugi aka hura ko iska ce ke ja da kanta. Girman tudun kashin tama shi ke nuna ko ƙarfen gida aka yi ko na kasuwa. Ita kanta fuskar maganaɗisun da ta daskare a bango ma'aunin shekaru ce, amma sai idan bangon yana inda aka gina shi. Duk wannan katafila ta cakuɗa a wuni guda, ni kuwa na buɗe mata hanya.

Shi ne ya tuna mini da Samaru ta Yamma. Tun daga shekarun 1970, masu binciken kufai na Jami'ar Ahmadu Bello, cikinsu akwai John Sutton, Baturen Ingila, da Effah-Gyamfi, mutumin Gana, sun yi tono a yammacin harabar jami'ar, a kwarin Kubanni, suka tarar da tanderun tama da tudun kashinta da kufan mazauna wurin. Gwajin gawayi ya nuna aikin ya haura shekara 1,000. Wato tun kafin Bakwa Turunku, tun kafin Sarauniya Amina da ganuwoyin da ake jingina mata a ƙarni na 16, akwai mutane a wannan kwari da suka san wane dutse ne tama, wane itace ne ke ba da gawayi mai ƙarfi, da yadda ake riƙe wuta dare da rana har ƙarfe ya rabu da datti. Da ƙarfensu aka sare daji aka yi gona. Sunayensu ba sa cikin jerin sarakuna, ba sa cikin labarin Bayajidda. Sutton ya buga wata maƙala a 1979 yana cewa tarihin ƙasar Hausa ba zai tsaya kan jerin sarakuna da labarin zuwan baƙi kaɗai ba, dole a karanta shi daga ƙasar kanta, daga duwatsu irin su Kufena da Turunku da Dala, da kufai da kwaruruka. Na yi shekaru ina bin hanyar Kubanni ina ɗalibi, na san da wannan magana sama-sama, ban taɓa haɗa ta da sana'ata ba.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne, wannan na'ura da na riƙe, da irin wannan aiki ta yi suna. A 1958 Martin Aitken na Jami'ar Oksfod ya fara yawo da ita a Water Newton, a Ingila, yana neman matoyar tukwane ta zamanin Rumawa gaban masu aikin hanya, ya kuma samu. A nan Najeriya, a shekarun 1960, Bernard Fagg ya sa an auna Taruga, kusa da inda Abuja take yanzu, da irin wannan na'ura. Da aka bi alamun aka tona, sai ga tanderun tama 13 tare da gumakan yumɓu irin na Nok, masu shekaru fiye da 2,000. Taruga na cikin wuraren da suka sa duniya ta sake lissafin lokacin da aka fara narka ƙarfe a Afirka ta Yamma. Ba wani sabon abu aka nema in ƙirƙiro ba. Abin da aka sani tun kafin a haife ni ne ya zo gabana na kau da kai.

Na daɗe ina gaya wa kaina cewa rashin sani ne. Ba gaskiya ba ne. Da farko dai waya mai ƙaya ce ta rufe mini ido. Tun da na shiga ƙofa aka karɓi katina aka rubuta sunana, sai zuciyata ta yanke cewa duk abin da ke cikin wannan shinge na soja ne, tarihin wurin kuma daga ranar da aka kafa shingen ya fara. Alhali Turawa sun ci Zariya a 1902, jirgin ƙasa ya iso a 1911 Sabon Gari ya tsiro a gefen tasha, an kafa Defo, sansanin horar da kuratan soja, a 1924, makarantar yaran soja kuwa a 1954. Duka-duka shekara ɗari da 'yan kai. Ƙasar da aka kewaye ta riga su da dubbai. Na ce wai kwanson harsashi ne, alhali tsofaffin kwansuna yawanci na tagulla ne, maganaɗisu ba ya kama su, na baƙin ƙarfe kuwa sun yi ƙanƙanta su ba da alama mai faɗin taku biyu. Na ce wai marmara ce, alhali marmara shimfiɗe take ko'ina a filin, ba ta jeru a bakin rafi ba.

Amma ƙarƙashin wannan akwai abin da ya fi muni, son sauƙi. Ɗan kwangila na jiran rahoto don a sakar masa kuɗi, ni ma ina jiran nawa. Na san idan na rubuta cewa akwai abin da ba a gane ba binne a filin soja, za a kira ni a yi ta tambayoyi, aiki ya tsaya, wataƙila gobe a nemi wani mai awo da ba ya kawo magana. Sai na zaɓi fassarar da ba za ta dami kowa ba. Kuma ko da a ce fassarar tawa gaskiya ce, laifina bai ragu ba, ƙaruwa ma ya yi. Idan har na yarda ƙarfen soja ne binne a wurin da aka taɓa yin atisaye, me ya tabbatar mini babu harsashin igwa ko gurneti da bai fashe ba a ciki? Da irin wannan na'ura ake neman bama-baman Yaƙin Duniya na Biyu a biranen Jamus kafin a aza gini, har gobe. Ni na ga alamar ƙarfe mai ƙarfi, ban tona ko ramin gwaji ɗaya ba, na bar bawan Allah ya hau kai da katafila. Allah ne ya sa tanderu ne.

Na nemi ganin hafsan da ke kula da aikin. Na shiga ofishinsa da taswira da bututun nan a leda, gabana na faɗuwa.

"Ranka ya daɗe, rahoton da na bayar akwai kuskure a ciki, kuma nawa ne."

Ya saurare ni har na gama, ya karɓi bututun ya sa yatsunsa a shatar yatsun nan. Sannan ya ce, "Malam, da haka ka rubuta tun farko, ai da mun ja ginin gefe. Fili ne ba mu da shi?"

Ban samu abin cewa ba. Duk tsoron da na gina rahotona a kai, ni na ƙaga shi. Ya sa aka bar ragowar gaɓar rafin da katafila ba ta kai ba, inda taswirata ta nuna sauran alamu, aka hana ɗibar ƙasa a wurin. Dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi da Kayan Tarihi ta Ƙasa ta wajabta wa wanda ya ci karo da irin wannan abu ya sanar, ta kuma hana tono ba da izini ba. Na rubuta sanarwar, amma bayan ɓarna ta riga ta auku. Na kuma nemi dattijon nan a gonarsa na ba shi haƙuri. Ya ce ba shi na yi wa laifi ba.

Tun daga nan nake kallon filayen soja da wani ido. Duk wanda ya san Samaru da Sabon Gari shekara talatin da suka wuce ya san yadda gari ya ci gona. Hayin Dogo, Bomo, Zango, Palladan, Hanwa, Kwangila, Dogarawa, duk inda da ake noman dawa yau fuloti ne da bulo. Masu tifa na kwasar yashi da marmara, masu gini na haƙa masai da rijiya, kuma ba wanda zai ga laifin mai neman matsuguni. Amma kowane fuloti da aka haƙa, idan akwai kufai a ƙarƙashinsa ya tafi ke nan. Manyan filayen da suka rage ba a yanka ba kaɗan ne: gonakin gwaji na cibiyar binciken noma ta Samaru, filin kwalejin jiragen sama, sai na soja, a Defo da Basawa, da kuma babban dajin Jaji a hanyar Kaduna. Shingen da aka kafa don tsaro ya tsare abin da ba don shi aka kafa shi ba.

A wasu ƙasashe an daɗe da gane haka. Sojan Ingila sun fara sayen ƙasa a Filin Salsbari a 1897, yau filin atisayen ya kai kimanin hekta 38,000, kuma a cikinsa akwai wuraren tarihi fiye da 2,000, kaburbura da ganuwoyi da gonakin mutanen da, waɗanda a gonakin maƙwabta tarakta ta daɗe da baje irinsu. Ba wai tankar yaƙi ba ta ɓarna ba, tana yi, shi ya sa aka kafa alamomi a kan muhimman wurare don direbobi su kauce, ma'aikatar tsaronsu kuma tana da masu binciken kufai nata na kanta. A 2016, ana shirin gina gidajen soja a Larkhill, bincike kafin gini ya fito da wani wurin taro mai kewayen ramuka da ya haura shekara 5,500, tare da ramukan atisayen Yaƙin Duniya na Ɗaya a fili guda. A Amurka dokar 1966 ta tilasta wa kowace hukumar tarayya, har da soja, ta duba abin da aikinta zai yi wa wuraren tarihi kafin ta fara, shi ya sa awon maganaɗisu da na lantarki da radar leƙen ƙasa suka samu shiga sosai a sansanoninsu. Dalilin a fili yake. Tono na da tsada, yana cin lokaci, kuma abin da aka tone ba ya komawa. Awo kuwa ba ya taɓa ƙasa, yana nuna wa kwamanda inda zai gina da inda zai kauce, ya nuna wa mai bincike inda zai sa cebur.

A ƙasarmu ma an ga amfaninsa ba a Taruga kaɗai ba. A farkon shekarun 2000, masu bincike daga Jami'ar Farankfot ta Jamus tare da Jami'ar Maiduguri sun auna Zilum, kimanin kilomita 60 arewa da Maiduguri. A ido fili ne fetal da tsingaro warwatse. A taswirar maganaɗisu sai ga wani dogon rami ya kewaye gari mai faɗin kimanin hekta 12, wanda aka zauna wajen shekara 2,500 da suka wuce. Ramin ya cike tuntuni, amma ƙasar da ta cike shi ta bambanta da ta gefensa, na'ura kuma ta ji bambancin. Wanda ya san yawan garuruwa masu ganuwa da suka zama kufai a ƙasar Zazzau zai gane abin da irin wannan awo zai iya fitarwa.

Ba na so in zuzuta na'ura fiye da ƙimarta, don ni shaida ne cewa ba ta hana mai ita ɓata. Ba ta faɗin shekaru. Ba ta bambanta gindin rumbu da ramin shara sai an tona. Radar ba ta shiga laka mai danshi sosai, awon lantarki yakan canza tsakanin damina da rani, kusa da shingen waya ko falwaya kuwa awon maganaɗisu ba ya amfani. A filin nan na'ura ta faɗi inda abin yake, dattijo ya faɗi mene ne, da na haɗa maganganun biyu da an gama. Yanzu duk inda na je aiki sai na nemi wanda ya fi kowa daɗewa yana noma wurin kafin in kafa turke, in tambaye shi inda garma ba ta shiga, inda tsingaro ke fitowa bayan ruwan farko, inda aka ce akwai tsohuwar maƙabarta. Abin da ban gane ba a taswira nakan rubuta shi a matsayin wanda ban gane ba, in ce kada inji ya hau sai an duba. Na rasa wasu ayyuka saboda haka.

Na san ƙofar bariki ba ƙofar kasuwa ba ce, balle a wannan zamani da Jihar Kaduna ke fama da rashin tsaro. Ba kwamandan da zai so baƙo na yawo a filinsa yana ɗaukar lambobin wuri, kuma yana da gaskiya. Amma wannan abu ne da tsari ke warwarewa: a tantance masu shiga, a yi aiki da rakiya, taswira ta zauna a hannun masu fili. Injiniyoyin soja ma sun san na'urorin neman nakiya, kusan ilimin ɗaya ne, su za su fi kowa saurin koyo. A Ingila tun 2011 akwai shirin da ake kira Operation Nightingale, inda sojojin da suka dawo daga fagen fama da rauni a jiki ko a zuciya suke shiga aikin binciken kufai a filayen soja, kuma da yawansu sun samu sauƙi ta wannan hanya. Mu ma muna da samari da suka dawo daga Arewa maso Gabas da irin wannan nauyi. Ina ganin aikin da ke bukatar natsuwa da lura da ƙasa, wanda soja ya riga ya iya, ba zai rasa amfani gare su ba.

Farawa ba ta bukatar kuɗi mai yawa. Mutum biyu da na'ura ɗaya da tef da igiya za su auna hekta guda cikin kwana ɗaya ko biyu. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan girbi, ciyawa ta kwanta, kafin ruwa ya sauka. Wurin da za a fara kuwa bakin rafuka ne da gindin duwatsu, domin mai narka tama yana bukatar ruwa da yumɓu da itace kusa da shi. Jami'ar da ke Samaru tana da masu binciken kufai da masu awon ƙasa a haraba ɗaya, ɗalibansu kuma kullum suna neman filin gwaji. Daga can ya kamata takardar neman izini ta fito, da amincewar hukumar kayan tarihi, zuwa ga kwamandojin barikokin. Taswirar bakin rafin nan da lambobinta suna nan a ajiye wurina, idan masu filin sun yarda zan miƙa su ga duk wanda ya fara.